Yadda Ake Rubuta Labarin Sararin Samaniya da Hausa: Darussa Daga Wani Littafi Marar Bango

Ina aji biyar a firamare, a Tudun Wadar Zariya, lokacin da littafin ya faɗo hannuna. Bangonsa ya daɗe da yagewa, shafin farko ya sha manja har ana hango rubutun baya ta cikinsa, an kuma ɗinke gindinsa da zaren buhu. Yayana ne ya aro shi, ya tura ƙarƙashin katifa, ni kuma na sace. A zaure na karanta shi da fitilar ƙwai, sauro na ta bidirinsa a ƙafafuna ban ko ji ba. Sai da na shiga sakandare na san cewa sunansa Tauraruwa Mai Wutsiya, Umaru Dembo ne ya rubuta, kamfanin buga littattafai na NNPC na nan Zariya ya buga shi a 1969, wato shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, ranar 20 ga Yuli.

Ba zan ba da labarin ba, kowa ya nema ya karanta. Abin da ya ishe mu a nan shi ne ƙashin bayansa: wani yaro mai suna Kilba ya haɗu da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya tafi da shi yawon sararin samaniya. Abin da ya kama ni ba tafiyar ba ce. Labarin tafiya mai nisa mun sha ji a bakin Goggo, har ƙasar aljanu Gizo ya kai mu. Abin da ya hana ni barci shi ne yaron irina ne, da Hausa yake magana, kuma an je sama da shi ba tare da an fara mai da shi Bature ba.

Tun daga nan nake rubuta irin wannan labari, mafi yawa a ɓoye. Ga yadda nake yi, mataki bayan mataki. Zan riƙa gina wani ɗan labari nawa muna tafe, don a ga aikin da ido.

Mataki na farko: kwance littafin da kake so

Ɗauko littafin da ya taɓa hana ka barci kana yaro, ko wanne ne. Karanta shi sau ɗaya don daɗi. A karo na biyu ka riƙe fensir, ka yi masa irin aikin da tela ke yi wa rigar da yake son koyon ɗinkinta, wato ya farke ta ya ga inda aka haɗa. Ka sa alama a wurare uku: inda baƙon abu ya fara bayyana, inda jarumin ya ɗauki matakin da ba ya iya janyewa, da inda ka ji kana son tsallake shafi. Na ukun ya fi sauran amfani. Duk littafin da muke ƙauna yana da wurin da marubucin ya tsaya yana wa'azi ko yana koyar da darasi, muna yara muka haɗiye, yanzu kuwa ba za mu iya ba. Ka gane wurin, don kada ka gaje shi.

Mataki na biyu: kafa ƙasa kafin ka ɗaga kai

A nan yawancinmu muke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Labarina na farko ya fara ne da sarkin wata duniya mai rana uku, da rundunarsa ta mutum-mutumi dubu ɗari. Na kai wa yayana, ya karanta shafi biyu ya miƙo mini.

"Yaya, bai yi daɗi ba ne?"

"Ban sani ba. Ban san kowa a ciki ba, me zai dame ni in an kashe su?"

Na yi fushi na kwana biyu, amma gaskiyarsa ce. Mai karatu ba ya yarda da abin mamaki sai ya fara yarda da ƙasar da abin ya sauka a kai. Saboda haka shafi biyu ko uku na farko na gida ne. Ka zaɓi unguwa guda wadda ka san warin kwatarta da sunan mai shayinta, ka zaɓi mutum guda, ka ba shi wata damuwa ƙarama wadda ba ruwanta da sama.

Ga nawa. Ladidi, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, gidansu na cikin birni kusa da Ƙofar Kuyambana. Babanta mai gyaran rediyo ne, shagonsa a jikin zauren gida. Kasuwa ta mutu, kowa ya koma sauraron labarai a waya, rediyoyin da masu su suka kawo gyara shekaru suka ƙi dawowa karɓa sun yi tsibi a lungu, ƙura ta rufe su. Baba ya gama ciniki da mai sayen gwangwan, ranar Juma'a zai zo da amalanke ya kwashe su a kan kilo. Ladidi ba ta so, ita kanta ba ta san dalili ba.

Ka lura, ba a ga komai daga sama ba tukuna, amma an riga an sami mutum, da buƙata, da ranar da wa'adi zai cika. Kada ka ce "wani gari" ko "wata unguwa". Zariya na da abin da marubucin wani gari zai yi hassada: ganuwa da ƙofofinta, dutsen Kufena, kogin Kubanni, hayaniyar Kwangila, da ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, waɗanda duk yaron da ya tashi a garin nan ya taɓa ɗaga musu hannu. Yaron da ya saba ganin jirgi na shawagi a kan gidansu ba zai firgita da haske a sama ba, zai ce 'yan makaranta ne. Sai hasken ya tsaya cak, abin da jirgin koyo ba ya yi, sannan gabansa zai faɗi. Irin wannan sanin gari ne ke sa a yarda da kai.

Mataki na uku: baƙon abu ɗaya, da dokarsa, da kuɗinsa

Ƙarya ɗaya mai karatu zai yafe maka, in ka riƙe ta da amana. In ka kawo kumbo, kada ka ƙara da zoben tsafi, da tsuntsu mai magana, da mayya. Kowanne a cikinsu labari ne mai zaman kansa, in aka haɗa su sai su cinye juna.

Nawa shi ne: ɗaya daga cikin matattun rediyoyin nan, wadda ko batir babu a cikinta, ta yi sallama da Ladidi ranar Lahadi bayan magariba. Muryar wani matafiyi ce da ke cikin kumbo, ya gifta kusa da duniyarmu yana kan hanyarsa ta wucewa.

Yanzu sai doka. Ka zauna da takarda ka amsa tambaya uku kafin ka rubuta jimla ɗaya ta labarin: me abin yake iyawa, me ba ya iyawa, kuma me ake biya. Tatsuniyoyinmu sun san wannan tun fil azal. Dodo zai ba ki abin da kike so, amma akwai alkawari, kuma ranar biya na zuwa. Abin mamakin da ba shi da iyaka yana kashe labari, domin duk matsalar da ta taso sai mai karatu ya ce, to me ya hana a yi amfani da abin nan?

Dokar rediyon Ladidi daga kimiyya na ɗauko ta, ban ƙirƙira ba. Saƙon rediyo yana tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, don haka in ka yi magana da wanda ke can, zuwa da dawowar murya zai ci wajen daƙiƙa biyu da rabi. Rana kuwa tana nisan kilomita miliyan 150, haskenta kan yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mu. To matafiyin nan nisa yake ƙarawa kullum. Daren Lahadi amsarsa na zuwa bayan daƙiƙa uku. Daren Litinin sai an jira minti huɗu, Talata takwas, Laraba sha biyu. Daren Alhamis ya kai nisan rana, tambaya da amsa ɗaya minti goma sha bakwai. Kuma ba a jin sa sai tsakanin magariba da lisha, kafin ɓangaren saman da yake ciki ya faɗa ta yamma, bayan Kufena.

Ga inda abin ya zama namu. Ladidi 'yar gidan tarbiyya ce, ba ta iya fara magana da babba ba gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, yaya hanya, yaya mutanen gida. A daren farko wannan ba komai ba ne. A daren Alhamis kuwa magana huɗu kacal lokacin zai ɗauka, ga ta da tambayar da take ci mata rai, ga gaisuwa na jiran haƙƙinta. Za ta gaishe shi, ko za ta yi rashin kunya ta faɗa kan tambaya? Wannan ne kuɗin da ake biya, kuma ba wani marubuci a Amurka da zai hango shi, domin a wurinsu gaisuwa kalma ɗaya ce. Da na gano wannan na tashi na zagaya ɗaki sau uku don murna.

Mataki na huɗu: ka san gaskiyar abu, sannan ka ɓoye mafi yawanta

In labarinka na kimiyya ne, akwai abubuwan da ba ka da izinin kuskurewa, domin cikin masu karatunka akwai ɗaliban jami'a na Samaru da za su kama ka. A sararin samaniya babu iska, don haka babu ƙara: kumbo ba ya rugugi, fashewa ba ta da amo. Nauyin mutum a kan wata kashi ɗaya ne cikin shida na nauyinsa a nan, buhun masara mai kilo 100 zai ji a hannu kamar kilo 17. Tauraruwa mai wutsiya ba tauraro ba ce, curin ƙanƙara ce da ƙura, zafin rana ke fitar mata da wutsiya, kuma wutsiyar kullum ɓangaren da ba rana take fuskanta, ko da tauraruwar komawa take yi, sai ka ga wutsiya a gaba. Wadda ake kira Halley takan zagayo kusan duk shekara 76. Ta zo a 1986, za ta dawo a 2061. A zuwan nan na 1986 ba ta fito da kyau ba. Yayana ya tashe ni da asuba muka hau katanga, abin da muka gani ɗan dusu-dusu ne kamar an goga alli da yatsa, Goggo kuma tana daga tsakar gida tana cewa mu sauko, tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba.

Amma sanin abu daban, zuba shi a labari daban. Cikin abu goma da ka bincika, biyu za su shiga, su ma ta jikin mutum za su shiga. Kada ka rubuta cewa saƙon rediyo na gudun kilomita kaza. Ka rubuta Ladidi ta ce "Ina wuni", ta zauna tana kallon rediyo, ta ji an kira ta a cikin gida ta kai wa Inna tsintsiya, ta dawo, ta ƙirga jiragen kwano a rufin zaure, sannan murya ta ce "Lafiya lau". Mai karatu ya ji nisan a jikinsa, lissafin kuma yana aljihunka ko da wani zai tambaya.

Mataki na biyar: sunaye da kalmomi

Sunan Kolin Koliyo ya zauna mini a kai shekara arba'in. Ni dai kunnena ƙoli yake ji a ciki, can saman sama, ga shi kuma yana da amon waƙar yara. Baƙo ne amma bakin Bahaushe na iya ɗaukarsa. Haka ake so. In ka raɗa suna, kira shi da ƙarfi sau biyar kamar uwa na kiran ɗa daga ƙofar gida. In harshenka ya sarƙe, canza.

Kafin ka aro kalma, duba rumbu. Muna da kumbo, wanda asalinsa ɗan kwano ne mai murfi, aka ɗora wa jirgin sama jannati ya zauna daram. Muna da tauraron ɗan'adam, da falaki, da husufi. Muna da Kaza da 'Ya'yanta, da Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Zara da Gamzaki ma abu ɗaya ne, duniyar da ke tsakaninmu da rana ce take bayyana wani lokaci da yamma, wani lokaci da asuba, wannan kaɗai ya isa a gina labari a kai. In kuma abin babu shi a Hausa, bari mutanen labarin su raɗa masa suna da kansu, yadda ake yi a kasuwa. Ladidi ba za ta ce na'urar sadarwa ba. "Mai sallama" za ta riƙa ce wa rediyon.

Maganar baki kuma a bar ta yadda take. Mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, amma in Baban Ladidi Bazazzagi ne na cikin ganuwa, ba laifi ya ce "mota ne", kada ka gyara masa.

Mataki na shida: tambayoyin da mai karatunka zai yi

Wanda ya rubuta labarin sama da Turanci ba ya tunanin alƙibla. Kai dole ka yi, domin da ka ɗaga Bahaushe daga ƙasa mai karatu zai fara lissafi: ina ya yi alwala, ina gabas, yaushe azahar? Kada ka kauce, a nan naman labarin yake. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya cikin minti 90 ko kusa da haka, mutanen cikinta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda. Lokacin da ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je can a 2007, tafiyar ta faɗo cikin azumi, sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar da ƙa'idojin salla da azumi a can. Ka ga ba tambayar wasa ba ce. Ba fatawa aka ce ka bayar a labari ba, ba aikinka ba ne. Nuna mutum yana kokawa da tambayar ya wadatar.

Akwai kuma maganar aljanu. Duk abin da ya yi magana ba a ga mai yi ba, a unguwarmu sunansa ɗaya. In Ladidi ta gaya wa Inna, kafin lisha an turara zaure da habbatus sauda, an aika a kira malam. Marubucin da ya tsallake wannan ya yi wa al'ummarsa ƙarya. Wanda kuma ya mai da Inna abin dariya don ta ji tsoro, ya yi mata rashin adalci. Tun littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, ƙagaggen labarin Hausa cike yake da aljanu da ƙasashen al'ajabi, mai karatu ya saba da wannan hanya. In kana son ka kai shi ta wata, sai ka bar wani a cikin labarin ya faɗi zaton da kowa ke yi, sannan abin da ya faru ya nuna akwai sauran magana.

Mataki na bakwai: dawo da shi gida, amma kada ka tashe shi daga barci

"Sai ya farka, ashe mafarki yake yi." Na roƙe ka da girman Allah kada ka yi mana haka. Mutum ya ba ka dare guda na rayuwarsa, ka ce masa wasa kake. In an je an je. Jarumi ya dawo da wani abu da ya canza, ko a hannunsa ko a zuciyarsa, kuma matsalar nan ta shafin farko ita za a koma a warware ko a kasa warwarewa. A labarina mai amalanke yana zuwa ranar Juma'a kamar yadda aka yi da shi, ba wani kumbo da ya sauko ya biya wa Baba bashi. Abin da ya rage shi ne ko Ladidi za ta iya buɗe baki ta roƙi Babanta ya bar mata rediyo ɗaya, ita da ba ta taɓa musa masa ba. Me ta zaɓa a daren Alhamis, gaisuwa ko tambaya, wannan kuma sai labarin ya fito.

Mataki na takwas: rubutu da gyara

Rubuta zubin farko a guje, cikin mako guda in gajeren labari ne, kada ka waiwaya. Ajiye shi mako biyu. Sannan ka dawo da takardar dokokin nan ta mataki na uku a gefe, ka bi shafi-shafi kana duba inda ka karya dokarka. Ni na kama kaina na sa matafiyin ya katse Ladidi tana cikin magana a daren Laraba, alhali muryarta ba ta ma isa gare shi ba sai bayan minti shida. Shafi uku suka tafi saboda wannan, kuma shafuka ne da nake so.

In a waya kake rubutu, sa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ. Labarin da ake ta maganar ƙasa da sama ba zai jure a rubuta kasa a wurin ƙasa ba. In za ka riƙa sakin sa kashi-kashi a Facebook ko WhatsApp, gama shi duka tukuna. Masu karatu za su roƙe ka ka aurar da wance, ka kashe wane, in ba ka riga ka san ƙarshenka ba za su tuƙa ka su kai ka inda ba ka nufa ba.

Gwajin ƙarshe a bayyane ake yin sa. Samo yaro ɗan shekara goma zuwa sha biyu, ka karanta masa da baki, idonka na kan fuskarsa ba kan takarda ba. Inda ya fara wasa da yatsun ƙafa, ka sa alama, yanka za a yi. Inda ya tambaye ka abin da ka ɗauka ka riga ka bayyana, ƙari ake bukata. Ni ɗiyar ƙanwata na karanta wa na Ladidi, muna zaune a tabarma bayan lisha, an ɗauke wuta. Ta yi shiru har na kai daren Talata, sai ta dafa mini gwiwa.

"Kawu, tsaya. Shi mutumin, wa ya koya masa Hausa?"

Ban tanadi amsa ba. Na ce mata ta bari sai gobe, na kwana ina juyi. Da asuba na tuna cewa shekara da shekaru gidajen rediyo suna watsa shirye-shiryen Hausa a gajeren zango, safe da rana da dare, kuma a labari irin wannan ba abin da zai hana matafiyi mai kunne ya tsinci wani abu daga ciki yana tafe. Na koma daren Lahadi na sake rubuta sallamarsa ta farko, yanzu da irin lafazin masu karanta labaran duniya yake magana, har Ladidi ta ɗauka tasha ce ta kama.